Amsa daidai, maki biyu cikin goma

Shekarata 15 lokacin da aka raba mana fom ɗin zaɓen aji. Takarda ce guda ɗaya mai gida uku: kimiyya, adabi da zamantakewa, sai kasuwanci. Aka ce kowa ya je ya yi shawara da iyayensa ya dawo da ita ran Litinin. Ni tun kafin in isa gida na cike tawa, domin tun ina firamare an san ni da lissafi, kuma a tunaninmu na lokacin duk wanda kansa ke ja ajin kimiyya yake shiga. Baba ya duba, ya sa hannu, ya yi mini fatan alheri. Cikin minti biyar na yanke hukuncin da zai bi ni har jami'a, alhali ban taɓa ganin jerin darussan da kowane sashe na jami'a yake nema ba.

Ni dai na dace. Abokina da muke zama benci ɗaya bai dace ba. Ya ajiye fiziks saboda ba sa shiri da malamin, ya ɗauki wani darasi a madadinsa. Sai bayan shekara uku, ranar da muke cike fom ɗin neman jami'a, ya gano babu sashen injiniya da zai karɓe shi ba fiziks. Shekara guda cur ya ƙara yana karanta abin da ya guda. Har yau abin yana ci mini rai, don sharuɗɗan nan ba a ɓoye suke ba, kowace jami'a tana wallafa nata. Da wani babba ya zaunar da mu ko na rabin awa ya ce mu fara duba inda muke son zuwa kafin mu zaɓi abin da za mu ajiye, da yaron nan bai yi asarar shekara ba.

Darussa tara nake ɗauka, amma a zuciyata uku ne darussa: lissafi, fiziks da kemistiri. Sauran na ɗauke su tamkar harajin da sai an biya ake wucewa. Wanda na fi rainawa shi ne darasin harshe, musamman ranar insha'i. Malamarmu tana da wata ɗabi'a da ke ba ni haushi. Duk inda ta ga ka rubuta "saboda haka", sai ta zagaye shi da jan biro, ta ja kibiya zuwa jimlar da ke sama, ta rubuta a gefe: "Saboda me?" Wata rana ta dawo mini da takardata da zagaye shida. Na bi ta har bakin ofis.

"Malama, ai abin da na faɗa gaskiya ne."

Ta ce, "Ban ce ka yi ƙarya ba. Cewa na yi jimlar farko ba ta haifi ta biyu ba. Ajiye su ka yi kusa da juna, ka ɗaura musu igiya."

Na ce to, na tafi ina cewa a raina wannan damuwar 'yan adabi ce. Mu a lissafi amsa ɗaya ce, ko ka same ta ko ba ka same ta ba.

Kuma haka lissafin yake a lokacin. A ba ka ƙa'ida, a yi misali uku a allo, a ba ka ashirin ka yi a gida, duk 'yan gida ɗaya, lambobi kawai aka sauya. Na haddace doguwar ƙa'idar nan ta warware lissafin da ke da x², wadda ke farawa da "debe b", ko daga barci aka tashe ni zan kawo ta, amma ban taɓa tambayar daga ina ta fito ba, kuma ba wanda ya nemi in sani. A shekarar ƙarshe karatu ya koma tsere. Tambayoyin shekarun baya muka sa a gaba, agogo a gefe. Na ƙware a tambayoyin da ake zaɓar amsa: in lissafin ya yi tsawo, sai in ɗauki amsoshin in gwada su ɗaya bayan ɗaya, wadda ta zauna ita ce. Da wannan saurin na ci jarrabawar kammala sakandare da ta shiga jami'a, na samu gurbi a sashen lissafi. Ƙwarewa ce ta gaske, har gobe tana yi mini amfani. Inda na kuskure shi ne zaton da na yi cewa iyakar lissafin ke nan.

Rajista ce ta cinye makon farko a jami'a. A nan na fara jin zancen yunit: kowane kwas da nauyinsa, kwas mai yunit 3 kusan awa uku ke nan na lakca a mako. Da na rubuta jadawalina sai na ga ramuka ko'ina, wata rana lakca biyu kacal, ranar Laraba ma daga ƙarfe sha biyu na tashi. Murna ta kama ni. Wani ɗan aji uku da ya taimaka mini da fom ɗin ya leƙa takardar, ya ɗora yatsa a kan ramukan ya ce, "Nan ne karatun yake. Kowace awa ɗaya ta lakca tana binka bashin awa biyu kai kaɗai." Na ji shi da kunne kawai.

Ɗakin lakcar shekarar farko ya ɗauki ɗaruruwan mutane, malami yana can ƙasa da makirufo, ba ya sanin wanda ya zo da wanda bai zo ba. Babu mai duba littafinka, babu mai tambayar ko ka yi aikin jiya. Makonni ukun farko kuma kusan duk bitar abin da muka sani ne daga sakandare, kuma tarkon ke nan. Mutum ya saki jiki yana cewa ashe abin ba wuya, bai ankara ba a mako na huɗu an shiga sabon abu, kuma da irin gudun da aka yi bitar ake ci gaba. Abin da a sakandare ake shafe mako biyu a kai, a nan awa ɗaya ce, a wuce, ba a waiwayowa.

A mako na biyar aka yi mana gwajin farko a kwas ɗin tushen lissafi. Tambaya ta ɗaya ta ce: ka tabbatar cewa idan aka haɗa lambobin mara guda biyu, abin da zai fito cika ne, wato biyu tana raba shi ba saura. Na ji kamar kyauta aka ba ni. Na rubuta 3 + 5 = 8, 7 + 11 = 18, 21 + 35 = 56, 99 + 101 = 200, na ƙara da babba don a san da gaske nake, 1001 + 2003 = 3004. Na rufe da "saboda haka maganar gaskiya ce". Minti biyu bai cika ba na wuce tambaya ta gaba.

Da takardu suka dawo, maki biyu na samu cikin goma a wannan tambayar. An zagaye "saboda haka" da jan biro. A gefe an rubuta: "Biyar ka nuna. Sauran fa?" Jikina ya yi sanyi, don na san wannan zagayen, na taɓa ganinsa sau shida a takarda ɗaya.

Kwana biyu ina kai-komo kafin in yi ta maza in je ofishin malamin. A jikin ƙofarsa akwai takarda mai ɗauke da awannin da yake ganin ɗalibai, kuma daga baya na lura mafi yawanmu har muka gama shekarar ba mu taɓa amfani da su ba. Na yi sallama, na miƙa takardar.

"Malam, amsata ai daidai ce."

Bai yi musu ba. Ya ɗauki wata 'yar takarda ya rubuta n² + n + 41. Ya ce, "Sa n ta zama 0, sannan 1, sannan 2, ka yi ta tafiya. Duk abin da ya fito ka duba ko firam ne, wato lambar da babu abin da ke raba ta sai 1 da ita kanta. Jibi ka dawo ka faɗa mini abin da ka yarda da shi."

Daren nan na zauna da kalkuleta. 41, 43, 47, 53, 61, 71, 83, 97, 113, 131, duk firam. Na ci gaba. Da lambobin suka girma aikin ya ƙaru, don kowace sai na gwada ta da 3, da 7, da 11, da 13, har sama. A n = 25 na samu 691, na bi ta da duk firam ɗin da ke ƙasa da 27, ba wanda ya raba ta. Na ajiye biro ina jin na gano wani abu babba. Ranar da na koma ko zama ban yi ba na ce, "Malam, kullum firam take bayarwa."

"Guda nawa ka gwada?"

"26."

"Gwada 40."

Na danna: 1600 da 40 da 41, ya ba ni 1681. Ya ce in raba da 41. Na raba, 41 ta fito cif. Ashe 41 sau 41 ne. Daga 0 har 39, sau 40 a jere, lissafin yana ba ka firam, a karo na 41 ya juya maka baya. Malam ya ƙara da cewa in kalli n = 41 ba tare da na taɓa kalkuleta ba. Na kalla: 41², da 41, da 41. Kowane yanki 41 tana raba shi, don haka tana raba jimillar. Abin da na kwana ina dannawa ban gani ba, da na tsaya na dubi ƙirar lissafin da idona, da cikin minti ɗaya na san ba zai yiwu ya zama firam kullum ba.

Shi ya ba ni labarin Pierre de Fermat, masanin lissafi na Faransa, wanda a 1640 ya lura da wani jeri na lambobi, 3, 5, 17, 257, 65537, dukkansu firam, ya kuma yi zaton duk na gaba haka za su kasance. Sai a 1732 Leonhard Euler ya nuna cewa ta shida, 4,294,967,297, tana rabuwa da 641. Misalai biyar ne a hannun Fermat, daidai adadin da na rubuta a takardata. Bambancin kawai shi ne maganata ta yi sa'ar zama gaskiya, amma babu komai a cikin abin da na rubuta da ya nuna hakan.

A nan ofishin muka rubuta hujjar. Ya ce in fara da tambayar mece ce lambar mara. Na ce wadda biyu ba ta raba ta. Ya ce in rubuta ta yadda zan iya aiki da ita. Bayan 'yar fafutuka muka isa ga cewa kowace lambar mara ninkin wata lamba ce da ƙarin ɗaya, wato 2a + 1. Ta biyun kuma 2b + 1. A haɗa su, a samu 2a + 2b + 2, wanda shi ne 2(a + b + 1). Biyu sau wani abu, cika ke nan. Layi uku, amma sun rufe duk lambobin mara da aka taɓa rubutawa da waɗanda ba za a taɓa rubutawa ba har abada. Na fito ina maimaita layukan a raina. Shekara goma sha biyu ina lissafi, ranar ce ta farko da na san wani abu da babu wanda zai zo gobe da wata lamba ya rushe mini shi.

Daga nan salon karatuna ya sauya, ko da yake a hankali ne kuma da wahala. A sakandare nakan karanta shafi goma a awa. Yanzu shafi ɗaya yana iya cin awa ɗaya, biro a hannu, kowane layi sai na tambayi kaina daga ina ya fito. In na gama sai in rufe littafin in sake rubuta hujjar daga kaina. Nan ne ido ke raina fata: abin da ka rantse ka gane kana kallonsa, da ka rufe sai ka maƙale a layi na biyu. Kuma na daina barin lakca ta kwana uku ban koma kanta ba. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada a kan kansa ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a awannin farko da kwanan farko bayan an koyi abu, daga baya take lafawa. Ramukan nan na jadawalina, waɗanda na yi wa murna, su suka koma lokacin bitar abin da aka yi da safe.

Mu huɗu muka haɗa ƙungiyar karatu, kuma dokarmu ɗaya ce: wanda ke kan allo ba zai wuce layi ba sai kowa ya yarda. Ranar da aka zo kan hujjar Yuklid, masanin lissafin da ya rayu a Iskandariya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ni ne a allo. Hujjar tana nuna cewa lambobin firam ba su da ƙarshe. Na ce a ɗauki kowane jeri na firam, a ninka su duka, a ƙara 1. Sabuwar lambar duk wanda ka raba ta da shi a cikin jerin zai bar saura 1, saboda haka ita ma firam ce. Wata 'yar ajinmu, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce in gwada 2, 3, 5, 7, 11, 13. Na ninka, 30030, na ƙara ɗaya, 30031. Ta ce, "Raba da 59." Ya ba ni 509. Ashe sabuwar lambar ba lallai ta zama firam ba. Abin da ya tabbata shi ne duk firam ɗin da ya raba ta baya cikin jerin da aka fara da shi, kamar yadda 59 da 509 ba sa cikin namu, don haka kowane jeri ka kawo akwai wani firam a wajensa. Jimla ɗaya ce tsakanin abin da na faɗa da abin da yake daidai, kuma a daidai "saboda haka" ta karye.

Inda na fi shan wuya shi ne kalkulas, lissafin da ke auna yadda abu ke sauyawa. Na zo daga sakandare na iya shi da hannu: ka ga x³, ka sauko da 3, ka rage ɗaya a sama, ka samu 3x². A jami'a aka ce kafin wannan sai mun san ma'anar iyaka, wato me ake nufi in aka ce wani abu yana kusantar wata lamba. Aka rubuta mana jimla ɗaya mai haruffan Girka biyu, efsilon da delta. Mako uku ina kwafar jimlar nan ina haddacewa, ba ta shiga ba. A lokacin har na fara tunanin ko sashen ne bai dace da ni ba, kuma na san wasu da suka nemi sauya sashe a daidai wannan gaɓar.

Abin da ya kwantar mini da hankali tarihin abin ne. Newton ya ƙirƙiro kalkulas ɗinsa a Ingila a shekarun 1660, Leibniz kuma ya wallafa nasa a Jamus a 1684, kuma dukansu da wasu ƙananan adadi suke aiki waɗanda ba a iya faɗin ainihin ko mene ne su. A 1734 masanin falsafa George Berkeley ya soke su da cewa suna ɗaukar adadin a matsayin wani abu lokacin da suke son yin rabawa da shi, sannan su mayar da shi sifili lokacin da suke son jefar da shi. Lissafin yana ba da amsoshi daidai, amma dalilin bai tsaya da ƙafarsa ba. Sai da Cauchy ya zo a Faransa a 1821, sannan Weierstrass a Balin bayansa, aka samu jimlar da ake koya mana yau. Sama da shekara 150 manyan masana suna fama da abin da aka ba mu mako uku mu haɗiye. Da na san haka na daina ganin kaina a matsayin wanda ya kasa.

Yadda ta buɗe mini kuwa ta hanyar harshe ne. Jimlar tana cewa ga kowane efsilon akwai delta. Ni kuma a kaina ina juya ta, ina neman delta ɗaya da za ta yi wa kowane efsilon. Yarinyar nan ta ƙungiyarmu ce ta rubuta jimla biyu a allo. Ta farko: kowace ƙofa tana da makullin da ke buɗe ta. Ta biyu: akwai makulli ɗaya da ke buɗe kowace ƙofa. Kalmomin kusan ɗaya ne, amma ta farko kowane gini haka yake, ta biyu kuwa magana ce babba daban. Nan take na ga kuskurena. Abin kamar ciniki ne tsakanin mutum biyu: kai ka fara faɗin iyakar kuskuren da za ka lamunta, wato efsilon, ni kuma in faɗa maka yadda zan matso, wato delta. A ɗauki 2x + 1 a kusa da x = 3, inda amsar take kusantar 7. Ka ce kada in kauce wa 7 da fiye da 0.1, sai in riƙe x kada ta kauce wa 3 da fiye da 0.05. Ka matse zuwa 0.001, ni ma in matse zuwa 0.0005. Duk abin da ka faɗa rabinsa zan ba ka, kuma ba za ka taɓa ƙure ni ba. Wannan ita ce iyakar. Wane ya fara magana, wane ya amsa, a nan duk ma'anar take, kuma wannan aikin nahawu ne tsantsa, darasin da na ɗauka haraji.

Hatta a ɗakin gwajin fiziks abin ya biyo ni. An ba mu dunƙulen ƙarfe a ƙarshen zare, mu sa shi lilo, mu ƙirga lokacin da zai yi zuwa da dawowa sau 20, mu fitar da ƙarfin jan ƙasa. Kowa ya san amsar da ake tsammani, 9.8. Ni 9.3 na samu. Hannuna ya kai kan abin gogewa, domin a sakandare haka muka saba, a ɗan gyara lokacin har lissafin ya faɗa kan abin da ke cikin littafi. Mai kula da ɗakin gwajin ya tsaya a kaina ya ce, "Me agogon ya nuna maka? Shi za ka rubuta. Sannan ka nemo inda sauran ya tafi." Muka sake aunawa tare. Ashe daga ƙugiya zuwa saman dunƙulen na auna, santimita 30, alhali har tsakiyarsa ya kamata in kai, ƙarin santimita ɗaya da rabi. Da na gyara tsawon, 9.8 ta fito da kanta. Rahoton da na rubuta mai ɗauke da 9.3 da bayanin abin da ya jawo ta ya fi duk wanda na taɓa rubutawa samun maki.

Wata rana a laburare, ina neman wani abu daban, na ci karo da bayani a kan Muhammad bin Musa Alkhawarizmi, wanda ya rubuta littafinsa a Bagadaza wajen shekarar 820, kuma daga sunan littafin kalmar aljabara ta fito. Abin da ya tsayar da ni shi ne babu x a ciki, babu alamar daidai, domin ita alamar ma sai a 1557 Robert Recorde ya fito da ita. Komai da jimloli ya rubuta. Yana cewa murabba'i ɗaya da saiwarsa goma sun yi daidai da 39, wato x² + 10x = 39 a rubutun yau. Ka raba goman biyu, biyar ke nan. Ka ninka ta da kanta, 25. Ka haɗa da 39, 64. Saiwarta 8. Ka debe biyar ɗin, saura 3. Bai tsaya nan ba, ya zana murabba'i don ya nuna dalilin da ya sa hanyar take aiki. Na ɗauko takarda na zana nawa: murabba'i mai gefe x, na jingina masa dogayen gida biyu masu faɗin 5, ɗaya a dama ɗaya a ƙasa, sai ga kusurwa ta rage fanko, 5 sau 5. Cike ta na yi, babban murabba'in ya zama 64, gefensa 8. Sai na maye lambobin da a, b, c, na bi matakan ɗaya bayan ɗaya. A layin ƙarshe doguwar ƙa'idar nan mai farawa da "debe b" ta fito a hannuna, wadda na yi shekara uku ina ɗauke da ita ban san mahaifarta ba. Na daɗe zaune ina kallon takardar.

Sakamakon zangon farko bai yi kyau sosai ba. C na samu a kwas ɗin tushen lissafi, kuma a nan na koyi yadda ake fitar da matsakaicin maki: kowane sakamako a ninka shi da yunit ɗin kwas ɗin, a haɗa, a raba da jimillar yunit. C a kwas mai yunit 3 tana jan mutum ƙasa fiye da yadda A a kwas mai yunit 1 za ta ɗaga shi, kuma makin shekarar farko yana bin mutum har ranar da zai gama. Makonni biyar ɗin da na yi ina hutawa a ramukan jadawalina na biya su. A zango na biyu na farfaɗo, kuma kwas ɗin rubutu da ake tilasta wa duk 'yan shekarar farko, wanda na fara da tsallake shi, na koma ina zama a layin gaba.

Ba na ganin laifin malaman sakandare. Jarrabawa ce a gabansu, manhaja mai tsawo, aji cike. Amma ko sau ɗaya a zango a ware darasi guda a ce yau ba amsa muke nema ba, dalilin amsar muke nema, da yara da yawa ba su iso jami'a su zaci kansu ne ya daina ja ba. Su ma jami'o'i ya kamata tun makon farko su faɗa wa sababbin ɗalibai ƙarara cewa abin da ake ba wa maki ya sauya. Ni sai da jan biro ya faɗa mini.

Da na koma gida hutun ƙarshen shekara, na tarar an ba ƙanwata irin fom ɗin nan mai gida uku. Kimiyya take so. Muka zauna muka duba sharuɗɗan sassa huɗu da take sha'awa kafin ta taɓa biro, na kuma roƙe ta kada ta yi wa darasin harshe riƙon da na yi masa. Tana tattara takardunta ta ce, "Yaya, ni akwai abin da ban taɓa ganewa ba. Don me debe sau debe yake ba da tarawa? Malam ya ce mu haddace kawai."

Na jawo takarda. Na ce ta yarda 1 da −1 in an haɗa sifili ne? Ta ce ta yarda. Na ce to mu ninka wannan haɗin da −1. Tunda haɗin sifili ne, amsar sifili ce. In kuma muka ninka ɗaya bayan ɗaya, −1 sau 1 ya ba mu −1, sai kuma −1 sau −1, wanda shi muke nema. Su biyun dole su haɗu su ba da sifili, kuma babu abin da za a haɗa da −1 a samu sifili sai 1.

Ta bi layukan da yatsa har ƙasa, ta sake komawa sama, ta tsaya a layi na biyu.

"Yaya, nan da ka ce tunda sifili ne amsar sifili ce. Wa ya ce komai sau sifili sifili ne?"

Na juya bayan takardar, muka fara daga 0 + 0 = 0.